Dutse Na Goma Sha Takwas

Litinin, 22 ga Yuli

Fusa maƙwabciyata ta hawo tudu da sandarta tana haki, wai in kunna talabijin, Chizuru ta sake cin kyautar marubuta a Tokyo. Na ce ta ci lafiya. Ta ce, "Tsohon banza, yarinyar da ka goya ce fa." Ban musa ba, na goya ta. Shekararta shida, ni ashirin da huɗu, ranar da dutse ya zafto wa ƙauyen nan. Ni na zaro ta daga laka. Ubanta da yayanta ba su fito ba.

Ban kunna ba.

Alhamis, 25 ga Yuli

Wasiƙa daga gare ta. Ta yi rubutun da manyan baƙaƙe masu sauƙi, ta san a aji huɗu na tsaya. Wannan ma ya ba ni haushi. Wai za ta zo kwanakin Obon, lokacin da matattu ke dawowa gida, tana so in nuna mata duwatsun makabarta ɗaya bayan ɗaya ta rubuta wane ne a ƙarƙashin wane.

Duwatsun rafi ne, ba rubutu a jikinsu. Hanya a toshe take bayan zaftowar dutsen, mai sassaƙa bai iya zuwa ba, da aka buɗe kuma kowa ya saba. Ni na ɗauko su a bayana. Mu huɗu muka rage a ƙauyenmu Numagi, kuma ni kaɗai na san mai kowane dutse. Ba zan ba maƙaryaciya ba.

Asabar, 27 ga Yuli

In rubuta dalili, ko don kaina. Ta bar nan tana da sha takwas, ta yi aiki a maɗaba'a, ta fitar da littafi biyu ba wanda ya saya, uwarta na ta kuka. Na ukun shi ya ɗaga ta, shekara talatin ke nan. Labarinmu ne, wanda ni na ba ta a bakin murhu tun tana 'yar makaranta. Sunan littafin Duwatsu Goma Sha Bakwai.

Goma sha takwas ne. Ta sani sarai. Na sha takwas ɗin ƙarami ne, a gefen bishiyar al'ul, 'yata ce. Kwananta shida a duniya ranar da dutsen ya zafto, washegari za a raɗa mata suna. Chizuru ta cire ta kamar yadda ake cire tsakuwa a shinkafa.

Ban karanta ba, ba kuwa zan iya ba. Matata Tome ta karanta, ta ajiye shi a ƙasan akwatin kayanta, ba ta ce uffan ba har ta rasu.

Juma'a, 2 ga Agusta

Ruwa yini guda. Gwiwa.

Talata, 6 ga Agusta

Na je makabarta kankare gansakuka. Kamar kullum, in zuba wa dutse ruwa da ludayi in kira sunan mai shi. Na zo na sha ɗaya, na tsaya. Ludayi a hannu, baki a buɗe. Ina ganin fuskar matar, da wushiryarta, da kwandon da take ratayawa. Suna babu.

Zafi ne. Ban karya da safe ba.

Laraba, 7 ga Agusta

Bai dawo ba. Na tambayi Fusa a kaikaice, ta ce, "Ni da aka auro bayan shekara biyar da abin? Kai ne littafin, in ji ka. To, buɗe mana." Ta yi dariya, sannan ta dubi fuskata ta daina. Ta kawo mini kokwamba mai gishiri da yamma, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ce ban yi rashin lafiya ba. Ta ce ita ma ba gaisuwa ta zo ba.

Litinin, 12 ga Agusta

Ta iso a motar ƙarfe biyu. Furfura fal kanta. Ban yi zaton haka ba, ni a raina yarinya nake jira in yi wa faɗa. Direban har da sunkuyawa, "Malama, a sauka lafiya." Malama!

Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Kawu Genzo, na dawo." Na ce gidan Fusa yana can ƙasa, ta je can ta sauka. Ta ce, "Har yanzu kana da bakin nan." Na ce shi kaɗai ya rage. Ta ajiye ƙunshin alewa a dandamali ta tafi. Na ci biyu. Ba daɗi.

Talata, 13 ga Agusta

Na kunna wa Tome wuta a ƙofar gida da la'asar don ta ga hanya. Na soka tsinkaye huɗu a kokwamba na yi mata dokin da za ta hawo, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, za ta yi mita.

Chizuru ta zo ta durƙusa gaban hoton Tome, ta kunna turare. Ta daɗe. Na ce mata, ina tsaye a bayanta, "Ƙidaya ba a koya miki a Tokyo ba?" Ba ta juyo ba. Ta ce, "Na iya ƙidaya, Kawu." Na ce to nawa ne. Ta ce goma sha takwas.

Na fita na bar ta. Da ta yi gardama da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 14 ga Agusta

Yau doguwa ce.

Ta biyo ni makabarta, ban gayyace ta ba, ta karɓe bokitin. Na yi niyyar in kira sunayen a cikina don kada ta ji. Sai muka zo na sha ɗaya. Na tsaya kamar wancan makon. Ta lura. Sai ta fara jero sunayen a hankali, na gaskiya, ba na bogin da Fusa ta ce ta sa a littafi ba. A yadda na koya mata, gida gida daga bakin gada zuwa sama. Da ta ce Shige ta gidan mai gawayi, sai na ce ta tsaya. Shige ce. Na zuba ruwan.

Ta ce, "Sunayen suna wurina, Kawu. Wuraren ne ban sani ba, sai na babana da na yaya."

Na ce tunda ta iya haddar haka, me ɗayar ta yi mata.

Ta zauna a kan gindin bishiya. Ta ce kafin a buga littafin ta zo nan da takardun, ina daji yankan katako, ta karanta wa Tome. Duwatsu sha takwas ne a rubutun a lokacin. Tome ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ki cire tawa. Ban gama riƙe ta ba. Ba na son mutanen birni su karanta ta a jirgin ƙasa suna hamma." Ta kuma ce kar a faɗa mini, zan ce ta cika son kai. Haka nan zan ce, kuwa.

Na ce shekara talatin ba ta iya buɗe baki ba? Ta ce, "Na yi alkawari. Kuma wasiƙa tara ka mayar mini a rufe." Goma ne. Ban gyara mata ba.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na buɗe akwatin Tome. Littafin yana nan, bangon ya yi laushi don shafa. A shafi na ƙarshe ta ja ɗan layi ɗaya da fensir, a tsaye, shi kaɗai. Ƙidayarta ta cika da kanta, ba ta gaya wa kowa ba.

Shekara hamsin da biyu da matar nan.

Juma'a, 16 ga Agusta

Yau ake raka matattu. Mun fita da sassafe kafin rana. Ba wai na yarda da sana'arta ba ne. Littafin rubutu ne kawai na makaranta ta kawo, ta ce a haikali zai zauna, ba za a buga ba. Ta zana makabartar, ni ina nunawa da sanda. Fusa ta biyo mu tana cewa in ɗaga murya, matattun ma kurame ne yanzu.

Sha bakwai suka shiga. A gindin al'ul Chizuru ta rufe alƙalami. Ta ce, "Ni an hana ni. Kai ba a hana ka ba." Ta miƙo mini.

Sunan da muka zaɓa ban taɓa furta shi ba, ko ga Tome, tun daga ranar. Baƙi biyu ne kawai a rubutunmu na Japan, cikin waɗanda na koya a aji ɗaya. Na ɗora littafin a gwiwa na rubuta Kayo. Ya karkace. Chizuru ta ce a bar shi haka. Fusa ta juya baya tana faɗa da sauro.

Ta ɗaga tafiyarta zuwa Litinin. Gobe za ta zo da littafin nan nata ta karanta mini farkonsa. Don in ji inda ta yi kuskure ne. Na ce ta taho da sauran alewar in akwai.