Aminiyata ta cire sunanmu daga shafinta ba ta gaya mini ba

Malama Salima, don Allah ki taimake ni, kwana tara ke nan abinci ba ya shiga cikina. Ni ban yi lakol ba, ban iya rubutu ba, maƙwabciyata Asiya ce ke rubuta miki ina faɗa, kuma na ce mata kar ta gyara mini magana.

Ni ce shugabar ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a unguwarmu nan Gazawa, mu goma sha huɗu. Shekara biyu da suka wuce ɗana Abdurrahaman da ke aiki Maraɗi ya buɗe mana shafi a intanet. Ni ban san kan abin ba, amma na ga amfaninsa. Mutum yana Yamai zai rubuta man gyaɗa a salularsa, sai mu fito sama, sai ya kira. Ran kasuwa har jarka ashirin mukan ɗora wa mota.

Ina da aminiya a Agiye, Tani, su daddawa da yaji suke yi. Tun muna 'yan mata muke biki da ita, haihuwata bakwai ba wadda ba ita ta dama mini kunu ba. Ita ma ɗanta Fahad ya buɗe musu shafi. Sai yaran suka ce a yi musaya, a sa hanyar shafinta a namu, a sa tamu a nata, wanda ya taɓa ya faɗa wurin ɗayan. Na yi murna, na ce ashe har a can ana biki.

To daga nan wasu suka fara aiko saƙo, wai sun sa mu a shafinsu, mu ma mu sa su. Naja'atu sakatariyarmu ke karanta mini. Ni kuwa yadda aka rene ni, wanda ya kawo maka biki ba ka barin kwanonsa ya koma wayam, kuma ƙarawa ake yi. Na ce wanda ya sa mu wuri ɗaya a sa shi wuri biyu. Naja'atu ta ce ba mu san su ba, na tsawata mata gaban mutane. Baƙin da muka sa a shafinmu sun haura ɗari. Sai daga baya na ji har da masu caca a ciki, ni da na je Makka!

Bayan sallar layya kira ya ɗauke. Abdurrahaman ya duba ya ce mun nutse can ƙasa inda ba mai kaiwa. A nan ne ya gano wai tun azumi aka cire sunanmu daga shafin Tani. Malama, tsakanin azumi da yau sau biyu ta zo gidana, ta ci tuwona, ta yi sallah a kan tabarmata, ba ta ce uffan ba. Nata sunan kuwa yana nan a namu, a sama da kowa.

Matan ƙungiya sun ce ita ta ture mu. Ni dai tsoro nake ji. Na tsufa, ba na so in mutu ina gaba da ita, amma ba na iya kallon idonta. Juma'a mai zuwa ake sunan jikanta. In je ko in zauna? Cirewar da ta yi ce ta kashe mu?

Tsohuwa mai man gyaɗa, Gazawa

Inna, sannu da wannan ɓacin rai. Bari in fara sauke miki nauyi ɗaya: cire hanya guda daga shafin daddawa ba zai nutsar da shafinku haka ba. Musaya tsakanin shafi biyu da suka san juna, sana'arsu kusa da juna, ba laifi ba ce, masu saye ma tana musu amfani. Abin da injin bincike ba ya so shi ne shafin da ya cika da "sa ni in sa ka" da kowa da kowa. A wurinsa wannan haɗin baki ne don a hau sama. Ban ga shafinku ba, amma zatona ya fi ƙarfi a kan baƙin nan ɗari. Kin yi musu karamcin da ake yi wa dangi, su kuwa saƙo ɗaya suke watsa wa dubban mutane.

Game da Tani, kina da gaskiya. Ke aminiyarta ce ta ƙuruciya, kin cancanci a gaya miki. Sai dai ki tambayi kanki: Tani ta iya karatu? In ba ta iya ba, mai yiwuwa Fahad ne ya ga masu caca a shafinku ya tsorata ya cire, uwar ba ta da labari. In kuma ta sani, wataƙila kunyar faɗa miki ce ta ɗaure mata baki. Ba ki ji daga gare ta ba tukuna.

A makon nan Abdurrahaman da Naja'atu su cire duk wanda ba ku san sana'arsa ba, su bar na Tani. Dawowa sama zai ɗauki makonni, wataƙila watanni, ku riƙa kiran tsofaffin masu sayenku kafin nan. Naja'atu kuma ki ba ta haƙuri gaban matan da kika tsawata mata a gabansu.

Ran Juma'a ki je Agiye da bikinki cikakke. In taro ya watse ki ja Tani ɗaki, ki fara da gaya mata kuskurenki, sannan ki tambaye ta. Ko me ta ce, gara ki ji shi daga bakinta.

Allah ya raya jaririn, ya sanyaya miki zuciya, Inna.

Malama Salima