Kulɓa a Kwalbar Man Shanun Dada

Hajiya Laraba, don Allah ki taimake ni. Cikina wata takwas, mahaifiyata kuma ta yi fushi da gidana.

Maigidana malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Dutse. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya ganin ƙaramar halitta ya wuce. Da damina ya kamo wata kulɓa a gindin randarmu, siririya sumul, ƙafafun kamar babu, tafiyarta sak ta maciji. Wai zai nuna wa ɗalibai. Ya rasa inda zai saka ta sai kwalbar da Dada, mahaifiyata, take kawo mini man shanu a ciki daga Buji.

Da Dada ta zo, ta ɗauko kwalbarta, sai suka haɗa ido da kulɓar. Ko ruwa ba ta sha ba ta nufi tasha. A rugarmu, in kulɓa ta leƙa ƙwarya, zubar da nonon ake yi. Shi kuwa, maimakon ya ba da haƙuri, ya bi ta har zaure da kwalbar yana nuna mata kunnen kulɓa, wai don ta ga ba maciji ba ce. Yanzu ta aiko cewa ba za ta zo mini wankan jego ba. Ba ni da kowa a garin nan, kuma ina jin tsoro.

Mai juna biyu, Yalwawa

'Yata, na yi dariya, amma na ji damuwarki. Mijinki yana da gaskiya. Kulɓa dangin ƙadangare ce. Tana ƙifta ido, tana da ramin kunne, maciji kuwa ba shi da ko ɗaya. Gara da ƙananan ƙwari take ci, in an kama wutsiyarta ta bar ta ta tsere, kuma ba ta da dafi.

Sai dai Dada ma tana da tata gaskiyar. Da hannunta ta kaɗa man nan, ta ratso hanya da shi saboda ke, ta tarar an yi wa kwalbarta ɗan haya.

Ki gaya wa mijinki ya kai kulɓar makaranta, yara su gani, ya sake ta a gona. Ya sayi sabuwar kwalba da goro, ya tafi Buji da kansa, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ki ja masa kunne sosai: a gaban Dada, kada ya sake ambaton kunnen kulɓa.

Uwa ce, za ta zo. Allah ya sauke ki lafiya.

Hajiya Laraba