Ƙwayoyin da Yaya Sale Ya Zubar

Daren Laraba, Dangora

Yau na fasa wa Yaya Sale baki.

Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce kada ya daina shan maganin rage kitsen jini. Ashe tun kaka Yaya ke zubar da ƙwayoyin a masai. Wai Baba ramamme ne, ina kitsen da za a rage?

Jiya ciwon ya dawo, ya tafi da maganar Baba.

Da Yaya ya faɗa min abin da ya yi da ƙwayoyin, na shaƙe shi, na yi ta naushinsa har jini ya ɓata tabarma. Baba na kwance yana kallonmu, bakinsa na motsi. Na san "bari" yake son cewa, amma kalmar ta ƙi fita.