Ranar Likitocin Ido

Yaya,

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, ka san ni da kunya.

Jiya na je ofishin lafiya in tambayi ranar zuwan likitocin ido. Na tarar da ƙofar mai ba da bayani a rufe. Na yi sallama a hankali, shiru, sai na zauna a benci ina jiran a amsa. Ina kallon iska na kaɗa labulen taga, hankalina ya tafi, har na ga Inna tana zura zare a allura da kanta. Ban farga ba sai da mai shara ta taɓa ni.

"'Yata, ai nan ba ɗakin suruka ba ne, tura ƙofa ake yi a shiga! Ga shi har sun tashi." Ta nuna mini lambar wayarsu a jikin bango.

Ka yi haƙuri, na taɓa wayarka kana barci. Idan ka tashi ka same mu a asibitin gwamnati.

Da safen nan na kira lambar da wayar taka. Wata mata ta ce yau ne. Na ɗaura wa Inna zanenta mai furanni, ta ce shi take so ta fara gani.