Taswirar Baffa ta ruɓe a ƙarƙashin katifa

Anti Ummukulthum, don Allah ki taimake ni, baƙin ciki zai kashe ni a ƙasar mutane.

Baffana Arɗo ne, Allah ya jiƙansa. Abin da ya fi ji da shi wata tsohuwar taswirar safiyo ce ta zamanin Turawa, mai nuna tuddai da kwari da burtalin shanunmu har mashaya. Shekara hamsin tana cikin adaka, ko gara ba ta taɓa ta ba. Da za mu taho Kuala Lumpur mijina ya roƙe ta don binciken digirinsa na uku. Ni na sa baki aka ba shi. Ni!

Ya naɗe ta a zani ya tura ƙarƙashin katifa, irin ajiyarmu ta gida. To nan unguwarmu Danau Kota ruwa kullum, ko takalmi ka ajiye sai ya yi funfuna. Yanzu can gida wani attajiri ya zagaye burtalin da waya, shanu ba hanyar ruwa, kwamitin ƙaramar hukuma ya ba yayana Muttaka wata guda ya kawo shaida. Na ɗaga katifa, Anti, na tarar da takarda baƙi ƙirin, daidai mashayar ta ruɓe. Ashe mijina ya gani tun bara ya yi gum! Da na yi magana wai takarda ce kawai, ya fice shan shayi. Kullum Muttaka na kira, ina ce masa gobe. Wallahi ko kallon mijin nan nawa ba na son yi.

'Yar Arɗo, Danau Kota

'Yar Arɗo, sannu, da ciwo. Mijinki bai jawo danshin da gangan ba, mu duka ƙasar nan ta cinye mana kaya. Laifinsa ɓoyewar ce, maganarsa kuwa borin kunya ne. Ki faɗa masa haka sau ɗaya, cikin natsuwa.

Irin wannan taswira ba guda ɗaya ake bugawa ba. Duba gefenta, akwai lamba da shekara. Tura wa Muttaka ya nema a ofishin safiyo na jiha, ko gidan adana tarihi na Kaduna. Kuma da wuya mai bincike irin mijinki bai ɗauki hotonta a kwamfuta ba. Ya fito da shi, ya rubuta bayanin da kwamiti zai gane, aikinsa ne.

Sai dai ke ma, ƙanwata, abin da ya yi miki kike yi wa Muttaka, shi kuma kwanakinsa na ƙarewa. Kira shi yau ki faɗa masa gaskiya. Allah ya buɗe burtalin, ya sanyaya zuciyarki.