Maganin da Ya Ƙare a Gemu

Zongo, Kutanu

Zuwa ga autata Lubabatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da mijinki, da jaririn da ban gani ba tukuna. Moctar tela ne yake rubuta mini, na kuma ce kada ya gyara ko kalma.

Tun da kuka koma Parakou ba wanda ya tambaye ni ido. Kowa ƙoda, ƙoda. To ki sani, duk ranar da suka ɗora ni a kan injin wankin jinin nan, idona na dama sai ya cika ya yi tauri kamar ɗanyen goro, fitilu su yi zobe, kai ya sara. Na daɗe ina daurewa. Mutumin da ya yi shekaru yana kokawa da bijimai ba zai yi raki gaban 'yan mata masu farin kaya ba. Ranar da na yi amai ne lokotoro, wato likita, ya gano. Ya ce in injin yana janye dattin jini da sauri, ruwa ne ke taruwa a cikin idon. Suka rage masa gudu, suka ba ni maganin ɗigawa kafin kowane wanki.

Wa zai ɗiga? Hannuna rawa yake. Yayanki Kamilu da asuba yake fita da zemijan ɗinsa, babur ɗin haya, sai matarsa Zulaiha. Ta tsaya bakin ƙofa ta roƙe ni, na kore ta. Matar ɗana, wadda ko abinci ba na ci a gabanta, ta riƙe mini fuska? Da uwarki na nan, ba za ta bari a kai ga haka ba. Ni nake yi da kaina, rabi a gemu yake ƙarewa.

Ubanki,
Garba Maishanu

Zongo, Kutanu

Lubabatu,

Ina gaishe ki, ya ɗan jikana?

Idon daman ya tafi. Lokotoro ya ce ba ya dawowa, na hagun ma ya fara. Kamilu ya yi mini faɗa kamar shi ya haife ni.

Jiya na kira Zulaiha. Ta rufe fuskarta da mayafi, ta bar ido ɗaya, ta buɗe nawa da yatsa. Hannunta sanyi. Da ta gama ta goge mini kumatu, ta ɗauka magani ne ya zubo. Ba magani ba ne.

Kada ki jira sai an yaye yaron. Ki kawo shi yanzu, ki zaunar da shi ta hagu.

Ki gaida mijinki, ko da yake shi bai gaishe ni ba.

Ubanki,
Garba Maishanu