Layuka Goma Sha Tara na Ƙarya

Zuwa ga mahaifiyata Mma,

Bayan sallama da gaisuwar girma, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Daga Sokode nake rubuto miki, daga ɗakin nan na unguwar Didawure da kika ce tagarsa ta yi ƙanƙanta. A shafina na intanet zan liƙa wasiƙar nan, domin waɗanda nake so su ji suna cikin masu karantawa.

Kin tuna yadda muka fara bargon. Cikina yana wata huɗu likita ya ce jinina ya hau, ya hana ni shiga motar Dapaong in zo wajenki, ya hana ni ko kasuwa. Zaman ɗaki ya ishe ni, na ɗauko kwarashi da ulu, muka ƙulla: kullum da hantsi ki leƙa sama ki aiko mini saƙon murya, ni kuma in saƙa layi ɗaya. Ja na zafin rana, shuɗi na ruwa, ruwan toka na hadarin da ya haɗu ya fasa. Na ce jaririn zai kwanta a ƙarƙashin saman garin kakarsa. Kika ce aikin marasa aikin yi ne, amma ko rana ɗaya ba ki tsallake ba.

Har yau ina jin muryarki: "Yau rana ya fito da fushi, ko kaza bai leƙo waje ba. Sa ja, kar ki yi rowan zare." Daga nan sai labarin tumatirin da ya ruɓe da akuyar da ta ci miki shanya, har sai wayar ta gaji.

Wata safiya saƙo ya zo a rubuce daga Yaya Mutari, wai wayarki ta faɗa randa, daga yanzu shi zai riƙa isar da maganarki. "Mma ta ce rana." Washegari, "Mma ta ce ruwa." Babu akuya, babu tumatir. Idan na nemi ya ba ki wayar, kina masallaci, kina barci, kin je barka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: ya kamata in gane, don ke ba ki taɓa faɗin magana a kalma ɗaya ba. Amma na zauna da ƙaton ciki ina saƙa, ina ɗora hoto duk Juma'a, dangi suna rubuta Masha Allah a ƙasa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar suna, ina cikin ɗaki an yi mini lalle, aka raɗa wa yarinya sunanki. Ina murna, sai wata tsohuwa daga dangin surukinki mijina, wadda ba a ja wa kunne ba, ta karɓi jaririyar ta ce Allah ya jiƙan mai sunan. Na bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta yi mamaki sai ni.

Kwana goma sha tara, Mma. An yi miki wanka, an kai ki, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, ni ina nan ina zaɓen launi. Matan da suka zo daga zaman makokinki sun zauna a bakin gadona, sun sha kununa, sun shafa bargon suna cewa za ki ji daɗinsa. Surukinki da kansa ya hau babur ya ƙaro mini shuɗin ulu.

Sun ce don lafiyata suka yi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ji, kuma wataƙila da gaskiyarsu. Da shiru suka yi, da na haɗiye. Abin da nake ƙyama shi ne aron bakinki da aka yi kina cikin ƙasa. Da na titsiye Yaya, ya amsa cewa ko sama bai duba ba, abin da ya zo masa yake rubutawa, rabin kwanakin ma yana garin Mango wajen cinikin kifinsa.

Na so in gyara. Na kira maƙwabtanki uku na tambaye su yadda gari ya kasance ranar da aka kai ki, ko layi ɗaya in saƙa na gaskiya. Wannan ta ce rana, waccan ta ce kamar an yi yayyafi, ta ukun ta fashe da kuka. Babu wanda ya ɗaga kai ranar.

Jiya na zare kwarashin na ja zaren. Aikin kwana goma sha tara bai kai tafasar ruwan shayi ba ya warware. Na tsaya a jan layin da kika faɗa da bakinki, na ƙulle shi. Yanzu bargon ya gaza, idan na rufa wa takwararki ƙafafunta a waje suke. Surukinki ya ce in ƙara ko da fari ne. Ba zan ƙara ba. Idan ta yi wayo ta tambayi dalili, zan gaya mata nan kakarta ta tsaya.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya miki shi. Ya ba ni ikon yafe wa Yaya, don har yanzu ban iya ba.

Taki har kullum,
Rakiya